Sarkin Fulawar Ba'awa, Ina Inuwar?

Gaisuwa mai yawa zuwa ga bawana na Ba'awa, Alhajin Allah, wanda ya tafi Abuja da ƙugu ya dawo da tumbi. Ranka ya daɗe, Sarkin Fulawa. Kada ka harare ni, ba ni na naɗa ka ba, yaran unguwarku ne. Ni rawanin kawai na gyara maka.

An ce gida ya kammala. Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a. Labarin ya riga ka isowa Zariya, don kusan duk direban da ya tsaya shan shayi a Kwanar Dangora sai ya taho da shi a baki: wai wani bawan Allah a ƙasar Kiru ya sare ɗorawar da ya gada kaka da kakanni, ya sa an tumbuke kututturen, ya shafe tsakar gida da intalok, sannan ya aika Abuja aka ɗoro masa itatuwa a bayan mota. Itatuwa, jama'a! Zuwa kudancin Kano! Mutumin da in ya miƙi hanyar Tudun Wada bayan karin kumallo, kafin azahar ya gaji da kallon dajin Falgore.

Na san abin da za ka ce: Bazazzagi ne, hassada ke cin sa, shi da har yau yake maƙale a gidan ƙasa cikin ganuwa. Na ji, na karɓa. Gidanka ya yi kyau, get ɗin kaɗai ma abin a zo kallo ne. Amma tunda Bakano ba ya jin wa'azi sai an haɗa masa da lissafi, yau da harshen kasuwa zan yi maka magana: nawa aka zuba, nawa ya dawo.

Mu fara da dogayen nan da ka jera a jikin katanga, waɗanda masu sayar da fulawa ke ce wa maskared. 'Yan asalin Indiya ne. Tsawo kam ba a magana, sai dai rassansu duk ƙasa suke kallo, sun rungume jikinsu, ba sa miƙa wa kowa hannu. Hausawa sun daɗe suna yi wa giginya gorin inuwa, wai na nesa ka sha ta, alhali ita baiwar Allah tana ba da 'ya'ya, ta ba da muruci, in ta tsufa ta ba da azarar da gara ke shakka. Naka fa? Ko akuya, in rana ta take, ba ta ɓata lokacinta a gindinsu. Shi ya sa majalisar ƙofar gidanka ta yi ƙaura zuwa gindin ceɗiyar maƙwabcinka, talakan nan da kake cewa bai waye ba. An ce kai ma kana sulalewa can da la'asar, yaro na biye da kai da kujerar roba. Ba komai, inuwa ba ta tambayar wa ya zage ta jiya.

Sai ciyawar. Wallahi duk abin da ka yi ina iya yafe maka ban da wannan. Kai da kakanninka suka ƙare rayuwarsu da sanda a kafaɗa suna nema wa shanu ciyawa, yau ka sayo ta da kuɗi, ka hana kowace dabba kusantar ta, kana biyan gadina ya aske ta ya zubar. Daminarku daga Mayu ce zuwa Oktoba, kuma ba laifi, ruwan da ke sauka ta wajen Doguwa da Riruwai yakan haura milimita 1,000 a shekara, ya fi na birnin Kano. Amma da sama ta ɗauke, sai a yi wata shida ko fiye ba ɗigo. A watannin nan ciyawar taka majinyaciya ce a gadon asibiti: ƙarin ruwa safe da yamma, in an tsallake kwana biyu ta fara rawaya, a kira ka a waya hankali tashe. Ka haƙa burtsatse don ciyawa, ka sayi janareta don burtsatse, kana sayen fetur don janareta. Audu Bako ya tare Kogin Kano a Tiga, aka gama madatsar a 1974, don a noma shinkafa da alkama da tumatir a Kadawa, mutane su ci. Kai kuma ka haƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa kana shayar da abin da ko zomo an hana shi taɓawa. In lallai sai ka ga kore a ƙasa, ga kirikiri nan a bakin kowace fadama, ita ce fa Turawa ke shimfiɗawa a filayen ƙwallo suna ce mata ciyawar Bamuda. In rani ya yi tsanani ta kwanta ta yi lamo, ruwan farko ta miƙe abinta.

Alhassan Dantata a Bebeji aka haife shi, nan kusa da ku, a 1877, ya rasu a 1955 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Goro ya yi fatauci, gyaɗa ya saya. Ka taɓa jin an ce ya zuba jari a abin da ke ci kullum ba ya haihuwa? Ka ba Kanawa kunya, bawana, har ni da ba na son ku sai da na ji muku.

Yanzu buɗe littafi mu rubuta abin da ka sare. Ɗorawa ɗaya tak. Sanyi na fara ja da baya take fitar da tutu, jajayen ƙwallayen nan masu zaƙi da ke reto a rassa. Da dare jemagu su zo su sha, su ne ma ke yi mata barbara. Da safe ƙudan zuma ya karɓa, shi ya sa masu amya ke son ratayawa a jikinta. Kafin ruwa ya sauka 'ya'ya sun nuna, daidai lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa. Garin rawaya yara su sha, a dama kunu da shi. Kalwa a dafa, a wanke, a rufe ta ta kwana biyu, ta fito daddawa. Ɓawon ma ba a yar da shi, makuba ake yi, a yi daɓe, a shafe katangar da ruwa ba ya saurin ci. Ganyen da ta zubar taki ne. Duk wannan, ba ta taɓa roƙon ka guga ɗaya na ruwa ba. Kuma mai asarar gaske ba kai ba ne, Hajiya ce da tsofaffin gidan, domin kuɗin kalwa da daddawa tun fil azal na mata ne, da irinsa aka yi wa gwaggonninka kayan ɗaki. Yanzu an koma sayen dunƙule a kanti, kana ta ƙorafi wai miyar kuka ba ta ƙamshin da. Ina za ta yi? Kai ka sare ƙamshin.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda kake taɓe baki kana cewa ai waɗannan itatuwan daji ne, ba shuka ba. Sauke baƙin gilashin motar nan ka dubi gonaki daga Bebeji har Tudun Wada. Ɗorawa nan, kaɗanya can, ga kuka, ga tsamiya, ga kanya da ɗinya, kowace da tazara tsakaninta da 'yar'uwarta, dawa da masara na tashi a tsakani. Kana zaton haka nan suka jeru da kansu? Zaɓa aka yi. Duk manomin da ya shiga sassabe ya san wadda zai bari da wadda zai kayar, ɗa ya gada ya ƙara da nasa idon. Abin da masu tsara lambu suka zana maka a takarda suka caje ka, kakanka ya yi shi da gatari da hankali, kuma nasa ana ci.

Dubi gawo, ko da yake ya fi yawa ta arewa da ku. Duk itatuwa na yin ganye da damina, shi sai ya kaɗe nasa ya tsaya tsirara, ya bar wa gero rana. Rani na shigowa, kowa ya bushe, shi kuma ya yi kore shar, ya riƙa zubo wa awaki da shanu 'ya'ya. Saiwarsa tana tara wa ƙasa sinadarin nan da kake saye a buhun yuriya, dabbobin da ke hutawa a gindinsa su ƙara da nasu takin, shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili. Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, doka mai tsanani ya kafa a kan sare gawo. Ka gode wa Allah da ba a zamaninsa ka yi kuɗi ba.

Kada kuma ka ce labarin da ne. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 an zuba kuɗi mai yawa a Nijar ana dasa itatuwan gandun reno, akasari baƙi, yawancinsu suka mutu. A 1983 wani ɗan Ostireliya da ke aiki a yankin Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyayi ba ne, tohon tsofaffin kututture ne da saiwarsu ke nan da rai a ƙasa. Sai aka ce a bar 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su. Aka sa wa abin suna sassabin zamani. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a ƙasashen Maraɗi da Damagaram, ba tiyo, ba janareta. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso. Kai kuwa ko kututturen ba ka bari ba, sai da ka biya aka tono shi. Mai kuɗi in zai yi ɓarna, har saiwa yake bi.

Na ji kuma wani uzurin, wai tsamiya da kuka matattarar aljanu ce, Hajiya ba ta so. To ai shaida ce a kanka. Mutanen ɓoye ma sun san inda sanyi yake; ka taɓa jin an ce sun sauka a kan maskared? Yi addu'arka, ka sha kunun tsamiyarka da azumi, ka yi shiru. Aikin da ke wuyan babbar rigar da kake taƙama da ita ranar sallah, in na gaske ne, silikin tsutsar da ke kiwo a ganyen tsamiya ne. In na gaske ne, na ce.

Yanzu za ka gyara zama ka ce, to malam mai kishin gida, masarar da ta cika Doguwa daga ina ta zo? Gaskiyarka, sau ɗaya a shekara kakan faɗi magana mai ma'ana. Masara da gyaɗa da rogo da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka zo, mangwaro da zogale daga Indiya. Darbejiya ma a 1928 aka fara dasa ta a Barno, ga ta nan ta cika kowane titi, kuma ta yi mana aiki. Ni ba na korar baƙo. Tambayata dai, me ya zo da shi, me yake ci? Itacen turare da aka kawo daga Ostireliya yana da saurin girma, yana ba da sanduna da makamashi, amma je ka duba gindinsa, ba abin kirkin da ke tsirowa, kuma mai rijiya kusa da shi ya san irin shan da yake yi. A gandunsa, to. A tsakiyar gona, a'a. Dubi yadda masu hankali ke yi da magarya: a ɗauko reshen wadda aka inganta a Indiya, mai manyan 'ya'ya, a yi masa aure da saiwar tamu ta gida wadda ta san fari ta san gara. Baƙo a sama, ɗan gida a ƙasa, cikin shekara biyu ana ci.

In kuma ka ce kai kyau kake nema ba miya ba, to a nan ka fi ba ni tausayi. Tsakiyar hunturu, lokacin da fulawoyinka ke neman agaji, lokacin ne gurjiya ke zubar da ganye ta cika da jan fure. Minjirya ma haka, ita reshenta kawai ake kafawa ya zama shinge. Sansami ya yi ruwan hoda, marga ta zubo da rawaya gab da saukar ruwa, ba mai ba su ko kofi ɗaya. Amma wadda ta kashe ni da dariya ita ce 'yar guntuwar nan mai kumburarren gindi da ka girke a tukunya a ƙofar falo, kana gaya wa baƙi sunanta da Turanci, wai furen hamada ne, wai daga Tailan. Bawana, kariya ce. Kariyar nan da ke tsaye a garuruwan ƙasar Hausa ba mai ko waiwayen ta. Ta tafi yawon duniya, aka yi mata kwalliya, ta dawo, kai ka biya mata kuɗin jirgi. Ka dai hana jikoki wasa da ruwanta, dafi ne, maharba sun san shi.

Malamai suna karanta mana cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi, an rubuta masa sadaka. To ina mai ci a gidanka? Ɓaure ɗaya in ya nuna, tun asuba kurciyar gamji da tsirya sun hallara, yara na jiran nasu a ƙasa, da dare jemagu su kwashe saura. Tsuntsaye da ƙwarin ƙasar nan da itatuwan ƙasar nan suka saba. Su ne kuma ke tsallakawa gonarka, ƙudan zuma ya bi furen kabewa da riɗi, tsuntsu ya tsince tsutsa, ba ka biya su lada ba. Gidanka kuwa tsit, sai kukan janareta. Ko ƙadangare sai ya yi shawara kafin ya shigo.

Bari in dawo da kai kasuwa kada barci ya ɗauke ka. Garin 'ya'yan kukar da kuke damawa da nono kuna raina shi, Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a kasuwanninta tun 2008, kuma bitamin C da ke cikinsa ya ninka na lemo. Man kaɗanya yana cikin cakulan, yana cikin man shafawar da Hajiya ke sayowa daga Dubai. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan 'ya'yan kaɗanya, har a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyensu na wata shida don a riƙa sarrafa su a gida. Bagaruwa kuwa da ita majema suka jeme jar fatar Kano da Sakkwato da ta ratsa Sahara har Turai. Duniya na bin layi a kan abin da kake sa wa gatari, kuma wai kai ne ɗan kasuwa.

Nan kam bari in ajiye wasa kaɗan. Dajin Falgore, wanda aka keɓe tun shekarun 1940, ya kai kusan murabba'in kilomita 1,000, kuma shi ne babban dajin da ya rage wa Kano: doka, maje, marke, maɗaci, taura. Amma ƙirga buhunan gawayin da kake wucewa a bakin hanya. Kirya da marke da kaɗanya su ne masu gawayi mai nauyi, don haka su ake fara bi. Kaɗanya sai ta shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, a kayar da ita kafin shayi ya huce. Gonakin nan ma da na ce ka duba, sake dubawa da kyau: manyan itatuwan tsofaffi ne, ƙanana ba su da yawa, garma da awaki ba sa bari su tashi. In masu fili da katanga irinka ba su reni 'ya'yan ba, wa zai rena? Kai kake da abin da gona ba ta da shi, get ɗin da ke hana akuya shiga. Ka ga ashe get ɗin ma yana da amfani ban da tsorata 'yan'uwa.

Ga abin da za ka yi, kuma ba sai ka gode ba. Ɗaga intalok ɗin nan ko da rabi ne, ƙasa ta sha ruwan sama maimakon ka riƙa tura wa maƙwabta ambaliya, zafin da yake feso maka da dare ma ya ragu. Ka jira ruwa ya zauna, wajen Yuni zuwa Yuli. Ceɗiya ko durumi a ƙofar gida, reshe kawai ake kafawa, amma nesa da katanga da sokawe, don saiwarsu ba ta da kunya. Maɗaci a bakin hanya, ɗorawa da tsamiya a bayan gida inda fili yake. Kalwa da ƙwallon kuka taurin kai gare su, ba sai na faɗi wa suka biyo ba, sai an jiƙa su a ruwan zafi sun kwana kafin a shuka. Kuka ba lallai ka jira ta girma ba, a Mali mata na shuka ta a fangali suna tsinkar ɗanyen ganye cikin 'yan watanni. Gamba a gefen da ruwa ke zaizaya, da kaka ka samu zana. Giginya dai kada ka kafa ta inda kake ajiye motar nan da ka fi so fiye da ni. Rani biyu na farko ka ba su ruwa, daga nan ka naɗe tiyo ka ba gadina wani aikin.

Maskared ɗinka bar guda biyu a bakin get, don masu wucewa su san maigidan ya taɓa zama a Abuja. Dashen kuwa ni zan kawo maka daga Samaru, tunda komai na ilimi sai kun zo Zariya, har rimi ɗaya zan haɗa maka kyauta don jikokinka su san garin ubangidan kakansu. Sauran kuɗi hannu. Na san halinka, kafin in sauke kaya za ka taya rabin kuɗi kana rantsuwa wai a kasuwar Tudun Wada ya fi araha. Albarka tun yanzu.